Sandunan da Na Ɗauko daga Manchester

Matata Hadiza aka ɗauka aiki a Ingila, ba ni ba. Ita likita ce, wani asibiti a Manchester ya neme ta, ni da 'yarmu Ummi muka biyo ta a matsayin iyali. Kafin nan injiniyan ruwa ne ni a gida, ina da ofis da mota da mutanen da ke miƙewa idan na shigo. Na ɗauki hutun shekara biyu ba albashi, na ce wa kowa zan raka su ne su zauna da gindinsu. In na samu aikin da ya dace da ni in zauna, in ban samu ba in dawo kan kujerata.

Masaukinmu na farko a unguwar Whalley Range ne, cikin Manchester. Wani ɗan ƙasarmu da aka haɗa mu da shi ta waya ne ya nema mana flat, wato sashen haya, tun muna gida. Ya turo hotunan falo mai faɗi da lambu kore shar, ya karɓi ladansa. Da muka iso sai muka tarar da ɗaki biyu can ƙarƙashin rufin wani tsohon gida da aka yanyanka aka zuba 'yan haya. Mai tsawona ba ya miƙewa sosai sai a tsakiyar ɗaki, bango kuma ya yi fumfuna a bayan kabad. Falon da muka gani a hoto na wani gida ne daban. Na kira mutumin, ya ce yana kan hanya zai neme ni. Har yau bai neme ni ba.

Lambun dai gaskiya ne, ana hango shi ta tagar kicin. Kwana kaɗan da zuwanmu na riƙe hannun Ummi muka zagaya ta ƙofar gefe muka shiga, ta yi ta gudu a kan ciyawa. Sai ga wata tsohuwar Baturiya ta leƙo da sandar dogarawa a hannu. Ta ce lambun na flat ɗin ƙasa ne, wato nata, kuma ta gaji da sababbin 'yan haya da ake yi wa ƙarya da shi. Na ba ta haƙuri muka hau sama. A kan matakala Ummi ta tambaye ni ko mun yi laifi ne. Daga baya na ji sunan matar Moira, 'yar asalin Ireland, ta fi kowa daɗewa a gidan.

Hunturun farko ya ba ni wuya. Hadiza tana aikin karɓa-karɓa, wani sati da rana wani sati da dare, idan ta dawo ko magana ba ta iya yi sosai. Ni ke kai Ummi makaranta in ɗauko ta, in tsaya a bakin ƙofa cikin iyaye mata ina kallon takalmina. Na koyi tuƙa tuwo ba gudaji, na koyi kitson kalaba biyu da ba ya kwana. Duk inda na nemi aikin injiniya amsar ɗaya ce, ba ni da UK experience, wato ban taɓa aiki a ƙasarsu ba. Na shiga wani warehouse, ƙaton ɗakin ajiyar kaya, ina ɗaga kwalaye kwana uku a mako. Idan yayana Auwal ya kira daga gida sai ya fara da, "To, ya mijin Hajiya?" Wasa yake yi, ni ma ina dariya, amma in na ajiye wayar sai in daɗe a zaune.

Wata safiya da titi ya daskare na ga Moira tana kokawa da bin ɗinta na shara, tana ja yana janta. Na karɓa na kai bakin titi. Mako na gaba ban jira ta fito ba, na fitar da shi tare da namu, haka kuma na ci gaba. Ba ta taɓa cewa na gode ba. Sai a watan Yuli na ji ana kiran sunana daga ƙasan matakala, an kuma faɗe shi daidai.

"Bashir, kana da tsawo, ni kuma bayana ba ya lanƙwasuwa. Zo ka tsinke min abin nan kafin tsuntsaye su gama da shi. Ka taho da yarinyar."

A ƙarshen lambun, jikin katanga, akwai wasu 'yan itatuwa da ba su wuce ƙirjina ba, rassansu sun fito da yawa daga ƙasa kamar ƙunshin tsintsiya. A ƙarƙashin ganyen 'ya'ya ne baƙaƙe sul suna reto, kowanne bai kai magarya girma ba. Ta ce sunansu blackcurrant, mijinta ne ya dasa su kafin ya rasu. Na jefa ɗaya a baki, tsami ya kama min muƙamuƙi, daga baya wani ƙamshi ya biyo. Ganyen ma in ka murza shi ƙamshin yana zama a yatsu har yamma. Muka cika kwano biyu, ta tura min ɗaya. Da Hadiza ta dawo ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, sai ta zuba su a tukunya da citta da kanumfari da sukari ta tafasa ta tace. Ya fito ja wur kamar zoɓo, har ya fi shi kauri. Ita ta raɗa musu ɗinyar Turawa, sunan da muke kiransu da shi ke nan har yanzu.

Daga ranar aka buɗe mana lambun. Ummi tana wasa, ni ina yi wa Moira yankan ciyawa, ita tana zaune a kujera tana gaya min inda na bari.

Da kaka ta shigo Hadiza ta samu gurbin ƙaro horo a Birmingham. A daidai lokacin kuma aka aiko min daga wurin aikina na gida cewa shugaban sashenmu zai yi ritaya, ni ke kan layi, amma sai in na dawo kafin Afrilu. Kujerar da na yi shekaru ina hange ke nan. Na gaya wa Hadiza, ta ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri," ba ta ƙara ba. A raina na riga na yanke shawara: in kai su Birmingham, in ga sun zauna, in tafi.

Ana gobe za mu tashi, cikin Nuwamba, Moira ta kira ni lambu. Ganyen itatuwan duk ya zube. Ta ba ni almakashin lambu ta ce in nemi rassan bana, masu hasken fata, waɗanda suka kai kaurin fensir. Ta sa na yanko su daga tushe, na yar da kan mai laushi, na datsa sauran gunduwa-gunduwa, kowace ta ɗan fi sabon fensir tsawo. Ƙasan sanda a yanke shi a miƙe dab da ƙarƙashin ido, saman kuma a karkace a kan ido, don ruwa ya riƙa zamewa, don kuma kada in dasa ta kai ƙasa.

"Ka soke su cikin ƙasa har sai ido biyu kawai ya rage a waje," in ji ta. "Kada ka cire idanun da za su shiga ƙasa, daga nan sababbin rassa za su fito."

Na ce mata ai haka mahaifina yake dasa rogo, sanda ake yankawa a soke. Ta tambaye ni mene ne rogo, na yi ta kwatance har ta gaji. Ta naɗe sandunan a jiƙaƙƙiyar jarida ta ɗaure da zare.

"Baɗi ba za ka ci komai ba, wata shekarar ma haka. Sai bazara ta uku."

Na lissafa a raina na ga lokacin ina gida. Kunya ce kawai ta sa na karɓa.

A Birmingham mun sauka a Perry Barr, wani ɗan gida a unguwar da ɗalibai suka yi yawa. Bayan gidan siminti ne malale, ko inda za ka soka tsinke babu. Ƙunshin ya kwana biyu a bakin taga ina yayyafa masa ruwa. Ranar Juma'a bayan an idar da salla ina waya da Hadiza a ƙofar masallaci, sai wani dattijo mai farin gemu ya dafa kafaɗata ya ce, "Bahaushe, daga ina?" Shi ne Alhaji Isaka, mutumin Kumasi, ya yi shekaru yana tuƙa bas a garin kafin ya ajiye. Hausarsa ta zango ce, a bakinsa mace ma "ya zo" ake ce mata. Bai bar ni na tafi ba sai da ya kai ni gidansa, layi biyu daga namu, matarsa Hajiya Memuna ta zubo min wake da shinkafa irin nasu da yaji baƙi. Ta ƙofar kicin na hango bayan gidansu, ƙasa ce baƙa, an cire tumatir da alayyafon bazara an bar ta fili.

Na yi ta jan maganar kafin na roƙe shi ɗan gefe. Ya ce, "Injiniya, ƙasa yana kwance banza har Mayu. Je ka kawo."

Na haƙa ɗan siririn rami a jikin shinge, na zuba yashi a ƙasansa saboda wurin yana riƙe ruwa, na jera sandunan da tazarar tafin hannu, na mayar da ƙasa na take. Hajiya Memuna ta leƙo ta dube su, ta ce ita ba ta ga shuka ba, ta ga dai an binne tsintsiya.

Duk lokacin da sanyi ya yi tsanani ƙasar takan kumbura ta turo sandunan sama, sai in je in danna gefensu da dunduniya. Wannan ya zama dalilina na zuwa gidan Alhaji. In na gama mu zauna a kicin da shayi, ya ba ni labarin fasinjojinsa, ni in ba shi labarin madatsun ruwa. Shi na fara gaya wa maganar komawata. Bai ce in tafi ba, bai ce in zauna ba. Ya ce dai mijin 'yarsa yana aiki da wani kamfani da ke neman inda bututun ruwa ya fashe a ƙarƙashin titi, kuma suna neman mutane. Raina ya ɗan sosu. A gida yaran ofishina nake turawa irin wannan aikin. Na ce masa zan duba.

Wata safiya cikin Fabrairu Hadiza ta dawo daga aikin dare, na kai Ummi makaranta na dawo na same ta zaune a kicin ko rigar sanyi ba ta cire ba.

"Abban Ummi, na ga kana duba kuɗin jirgi," ta ce. "In za ka saya ka sayi uku."

Na ce mata ba haka muka yi ba, ita ta zauna ta gama horonta, ni in riƙa zuwa.

"Na ga masu riƙa zuwa. Shekarar farko sau biyu, ta biyu sau ɗaya. Ni ban yi aure don in riƙa nuna wa yarinya ubanta a waya ba. Ka bar naka ka biyo ni, na gani, ban manta ba. In zaman nan yana cin ka, ni ma zan iya barin nawa."

Ba da faɗa ta faɗa ba, ba kuma don ta gwada ni ba. Na san Hadiza, in na ce mu tafi a ranar za ta fara haɗa kaya. Na kuma san shekarun da ta yi tana karatun jarrabawar da ta kawo ta Ingila da goyo a baya. Duk tsawon lokacin ina ganin ni kaɗai ne aka tauye, ban lura tana kallona tana auna abin da za ta ajiye ba. Na ce ta ba ni wata ɗaya.

Washegari na je wurin Alhaji na ce ya haɗa ni da surukin nasa.

Aikin ba kamar yadda na raina shi ba ne. Aka ba ni riga mai ƙyalli da wata doguwar sandar ƙarfe mai kan katako, aka haɗa ni da wani Darren, mutum mai yawan surutu da son ƙwallo. Mukan bi layi muna buɗe 'yan murafen da ke bakin gidaje, ka ɗora sandar a kan makunnin ruwa ka kara kunne. In bututu lafiya yake, shiru za ka ji. In ya tsage, za ka ji wani siririn huci kamar na tukunya a kan wuta. A mako na biyu, ana yayyafi, na ji shi a gaban wani shagon aski. Darren ya saurara ya ce babu komai. Na ce akwai. Da aka zo aka fasa wurin sai ga ruwa yana tsartuwa. Na koma gida jiƙe sharkaf ina jin wani daɗi da na manta da irinsa. Sai a lokacin na tuna rabon da in taɓa bututu da hannuna tun kafin a ba ni ofis.

A tsakiyar Maris idanun sandunan suka fashe, ganye ƙanana suka leƙo. Na ɗauki hoto na tura wa Moira, sai ga kiranta. Ta ce kada in yi murna tukuna, sanda takan yi ganye da abincin da ke jikinta ko ba ta yi saiwa ba. In bar su, in riƙa ba su ruwa in ƙasa ta bushe, kuma kada in kuskura in ja ɗaya don in duba.

A satin ne na kira Yaya Auwal na gaya masa ba zan dawo karɓar kujerar ba. Ya ce:

"Yanzu kujerar shugaban sashe za ka bari don ka riƙa yawo da sanda a titi?"

Na ce e, Yaya, kuma ina jin daɗin aikin.

"Ita ta sa ka?"

"Ita cewa ta yi mu dawo gaba ɗaya. Ni na ce a'a."

Sai ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Amma Inna kai za ka gaya mata da bakinka, ba ni ba." Tun daga ranar bai ƙara kirana da sunan nan na tsokana ba.

Kafin Yuni wasu sandunan suka bushe, ganyensu ya yi baƙi ya faɗi. Mafi yawa kuwa suka miƙe, suka fitar da rassa masu tsawon hannu. Hajiya Memuna ta koma ita ke zuba musu ruwan wanke shinkafa, tana cewa tsintsiyarta ta yi rai.

Da Nuwamba ta zagayo muka koma unguwar Erdington, nan cikin Birmingham, gida mai ɗaki uku da lambu a baya, tafiyar ƙafa kaɗan daga babban titin kasuwa. Na je gidan Alhaji da cebur. Da na ɗaga ta farko na ga saiwa cunkus kamar gemu, na tsaya ina kallonta har Alhaji ya ce in yi sauri iska tana busar da ita. Na bar musu uku, na kwaso biyar. Na haƙa ramuka masu faɗi, na zuba taki, na dasa kowace ta ɗan fi yadda take a da nutsewa. Sannan na yi abin da Moira ta ce dole ne, na datse duk rassan har kusa da ƙasa, na bar ido bibbiyu.

Hadiza ta fito da gudu ba ko takalmi. "Shekara guda kana renon abu, ka zo ka aske shi?"

Na ce in ba a yi haka ba ƙarfinsa zai tafi sama, tushen ya zauna ba ƙwari. Ta dubi guntayen, ta dube ni, ta ce ita dai ba ta yarda da wannan tiyatar ba.

Shekarar da ta biyo babu 'ya'ya ko ɗaya, amma kowane tushe ya turo rassa masu kauri har ƙuguna. A wurin aiki aka ɗauke ni daga titi rabin mako, ina tsara inda za a sa na'urorin auna ruwa, sauran kwanakin ina fita da Darren. Moira ta koma gidan 'yarta saboda ciwon ƙafa. Ina tura mata hotuna, amsarta ba ta wuce gyara: ciyawa ta yi yawa a gindin na hagu, ko takin ya taɓa jikin itacen.

A bazara ta uku suka yi fure, wasu 'yan ƙanana da ba ka lura da su sai ka sunkuya, ƙudan zuma suka yi ta zarya. Kafin ƙarshen Yuni 'ya'ya sun jeru kore, sun fara duhu. Mu kuma mun riga mun sayi tikitin zuwa gida a Yuli, karon farko tun fitowarmu, don bikin 'yar Yaya Auwal. Na sayo raga na lulluɓe itatuwan, na danne gefenta da bulo. Alhaji ya so ya riƙa leƙawa, amma an yi masa aiki a gwiwa, na ce ya zauna abinsa.

Gida ya yi daɗi. Inna ta riƙe fuskar Ummi tana kuka tana dariyar Hausarta. Na ci dambu har na kasa tashi. Na leƙa tsohon ofishinmu, wanda aka ba kujerar ya tarbe ni da mutunci, ya sa aka kawo lemo, wayarsa ba ta daina ƙara ba har na fito. Na yi masa fatan alheri, kuma har zuciyata na yi. Yaya ya ja ni gonarsa in duba masa famfon rijiyar burtsatse da ya ƙi jan ruwa, na tuɓe babbar riga na gyara, yana tsaye a kaina yana gaya wa masu aikinsa ƙaninsa ne daga Ingila.

Da muka dawo Erdington ko akwati ban shigar ba na zagaya baya. Iska ta ɗage ragar ta gefe ɗaya ta jingina ta a kan shinge. Rassan da na bari sun sunkuya da nauyi duk sun miƙe, an tsince su tas, ƙasa da katanga duk ɗigon kashin tsuntsaye shuɗi. Wata ƙatuwar kurciya tana zaune a kan rufin maƙwabta ko motsi ba ta yi ba. Na durƙusa na riƙa ɗaga ganye, can ciki inda baki bai kai ba na samu 'yan tsiraru, sun nuna har sun yi laushi. Duka ba su cika kofin shayi ba.

Na kawo su kicin na ajiye a kan tebur. Hadiza ta leƙa kofin, ta dube ni, sai dariya ta ƙwace mata, ni ma na kasa riƙe tawa. Ba su isa a tafasa ba, muka zauna mu uku muka ci su ɗaya-ɗaya. Ummi ta runtse ido ta ce, "Daddy, it's well sour," wai tsaminsa ya yi yawa, ta kuma miƙo hannu ta ƙara.

Hadiza ta ɗauki na ƙarshe ta raba shi da farce, ta ba ni rabi.

"Baɗi a Agusta za mu je gida," ta ce. "Sai mun tsinke tukuna."